Yadda Ake Haɗa Libar Wasan Gem Irin Ta Da, Daga Katako Zuwa Waya

Duk wanda ya taɓa zama ya buga Street Fighter II da ɗan fad ɗin hannu na awa biyu ya san yadda babban yatsa ke ƙarewa: da bororo. Ba laifin yatsan ba ne. Lokacin da kamfanin Capcom ya fitar da wasan a 1991, don akwatunan tsaye na gidajen wasa ya yi shi, waɗanda ake jefa wa kwabo, masu liba guda, wato sandar juya ɗan wasa, a hagu da maɓallai shida a dama. Mu da muka san waɗannan wasanni ta fad muka san su, a gidan gem na unguwa, shi ya sa ranar da na fara ɗora hannu kan liba ta gaske na ji kamar wani wasa dabam nake bugawa.

Haɗa irin wannan liba a gida bai fi ƙarfin mai haƙuri ba. Idan ka iya canza soket ɗin bango, za ka iya wannan. Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga nan: daɗin wasan yana cikin libar kanta da maɓallan, ba cikin fenti ko fitilu masu walƙiya ba. Can za ka zuba kuɗinka. Akwatin kuwa ko da ragowar filawud ɗin kafinta aka yi shi, zai yi aiki.

Mataki na farko: wane wasa za ka fi bugawa?

Amsar wannan ita ce za ta zaɓar maka kaya. Wasannin faɗa na Capcom maɓalli shida suke so, uku na naushi a sama, uku na shuri a ƙasa. Na Neo Geo, injin da SNK ta fitar a 1990, irin su Metal Slug da The King of Fighters, ba sa wuce huɗu. Mortal Kombat na 1992 biyar ne. Saboda haka shida sun wadatar da kusan komai na wancan zamani. Masu sa takwas suna yi ne don sababbin wasanni, kuma ni biyun na ƙarshe ba su taɓa yi mini amfani ba sai dai ɗan ƙaramin yatsa ya riƙa taɓa su bisa kuskure.

Sai batun kusurwa. Wasannin faɗa na buƙatar liba mai zuwa wuri takwas: sama, ƙasa, hagu, dama, da kusurwoyi huɗu. Pac-Man na 1980 da Donkey Kong na 1981 kuwa wuri huɗu suka sani. Za mu dawo kan wannan, domin nan ne mutane da yawa ke zargin kayansu alhali lafiyarsu ƙalau.

Mataki na biyu: kayan da za ka nema

Liba iri biyu ce ta fi yawa. Akwai ta Japan, mai ƙwallo a kai, mai laushin juyawa, wadda ake riƙewa da yatsu. Fitacciyar cikinsu ita ce JLF ta kamfanin Sanwa, sai LS-32 ta Seimitsu wadda ta ɗan fi tauri kuma tafiyarta ta fi gajarta, abin da ya sa masu wasannin harbin jirage ke son ta. Akwai kuma ta Amurka, irin ta kamfanin Happ, mai kai kamar kulki, doguwa, mai tauri, wadda ake damƙa da hannu duka. Ta Amurka tana cin wuri sosai a ƙarƙashin katako. Ga mai farawa, JLF nake ba da shawara, ba don ta fi kowa ba, sai don kowane ɓangare nata ana samun sa daban a saya, daga sifirin har ƙwallon.

Ka yi hattara da jabu. Na taɓa yin odar wata ta intanet da aka rubuta mata sunan asali, da ta iso sai na ga roba ce mai ƙyalli, makunnanta na ƙara kamar ana fasa gyaɗa, kuma kafin wata uku ɓangaren hagu ya fara yin gardama. Idan kuɗin da aka sa mata ya yi arha har ka yi mamaki, to mamakinka na kan hanya. Ba haramun ba ne ka fara da mai arha don koyo, amma ka san abin da ka saya.

Maɓallan Japan faɗin raminsu milimita 30 ne, ƙananan na farawa da na jefa kwabo kuma milimita 24. A nan akwai tarko. Sanwa na da OBSF-30 mai haƙoran roba da ake dannawa ya kama, da OBSN-30 mai noti da ake ɗaurewa ta ƙasa. Mai haƙora don siririn ƙarfe aka yi shi, ba ya kama katako mai kauri. Tunda katako za ka yi amfani da shi, mai noti za ka nema. Maɓallan Amurka raminsu milimita 28 ne, kada ka gauraya awon.

Na uku shi ne ɗan allon da ke karɓar saƙon maɓalli ya miƙa wa kwamfuta ta USB, wato inkoda. Mafi sauƙi shi ne wanda ake sayarwa da sunan Zero Delay, yana zuwa da wayoyinsa a shirye, ba ka buƙatar narka dalma. Wanda ya fi shi inganci shi ne Raspberry Pi Pico, wanda ya fito a 2021 a kan dala 4, idan aka ɗora masa manhajar kyauta mai suna GP2040-CE. Shi yana son ɗan liƙi da dalma, ko ka sayi allon da ake zaunar da shi a kai mai sukurori. Idan a kan sabon PlayStation kake son bugawa, ba kwamfuta ba, allunan kamfanin Brook za ka duba, kuma ka tabbatar da wane inji kowane allo ke karɓa kafin ka biya.

Sauran kayan duk na gida ne: filawud, gam na katako, sukurori, samfefa, sukundireba, filaya, injin huji, da mita irin ta masu gyaran rediyo, mai yin ƙara idan waya biyu sun haɗu. Kada ka raina mitar nan. Rabin wahalar da za ka sha ita ke yanke ta.

Mataki na uku: kwali kafin katako

Wannan shi ne matakin da kowa ke tsallakewa, kuma shi ne wanda aka fi yin da-na-sani a kansa. Samu kwalin taliya ko na takalmi mai ƙwari. Ɗora hannun damanka a kai a sake, kamar kana hutawa, ka sa wani ya ɗiga alama a ƙarƙashin yatsa manuni, na tsakiya da na zobe. Za ka ga ba a layi ɗaya suke ba, na tsakiya ya fi tsawo. Shi ya sa akwatunan Japan, irin Astro City na Sega, suke jera maɓallai a ɗan lanƙwashe, saɓanin tsoffin akwatunan Amurka da suka jera su a miƙe.

Daga tsakiyar maɓalli zuwa tsakiyar na kusa da shi, ka bar milimita 38 zuwa 40 idan masu noti ne. Ba don saman ba, don ƙasan: notocin sun fi bakin maɓallin faɗi, idan ka matse su ba za su juya ba, ɗaya zai hau kan ɗaya. Tsakanin liba da maɓalli na farko ni santimita 9 nake bari, domin hannuwana ba sa son cunkoso. Kai naka ya danganta da faɗin kafaɗarka. Ka bar wurin ɗora tafin hannu a gaba, kamar santimita 8 zuwa 10.

Yanke ramukan da reza, zura maɓallan, ɗaure libar, haɗa wayoyin na wucin gadi, ka buga wasa kwana biyu a kan kwalin. Eh, zai yi ta lanƙwasa, kuma duk wanda ya shigo ɗakin sai ya yi maka dariya. Amma idan wuyan hannunka ya yi ciwo, kwali ka ɓata, ba katako ba. Da ka gamsu, kwalin nan ya zama ma'aunin da za ka kai wa kafinta.

Mataki na huɗu: akwati da huji

Akwati mai tsawon santimita 35, faɗin 22, da zurfin ciki aƙalla 6 ya ishi mutum ɗaya. Kaurin murfin sama shi ne abin lura. A akwatunan Japan, tazarar da ke tsakanin fuskar murfi da ƙasan ƙwallon liba milimita 23 zuwa 24 ce. Idan ka ɗaure JLF a ƙarƙashin katako mai kauri 18, sandar za ta nutse, ƙwallon ya kusa zama a kan katako, yatsunka su rasa wurin shiga. Ɗauki rula ka auna daga farantin ƙarfen libar zuwa ƙasan ƙwallon, ka cire 24, abin da ya rage shi ne kaurin da ya kamata ya kasance a saman farantin. Zai faɗo wajen milimita 8. Ko dai ka nemi filawud mai kusan wannan kauri ka tokare shi da sanduna biyu ta ƙasa don kada ya lotsa, ko a sassaƙe wa libar da maɓallan gurbi a cikin mai kaurin. Hanyar farko ta fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Wajen huji, tsaya a kan kafinta. Ba kowa ke da bakin huji mai milimita 30 daidai ba, kuma idan ka juya baya za a ce maka 32 ma ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Leɓen maɓallin siriri ne, a rami mai 32 da ƙyar zai samu abin kamawa, zai yi ta rawa. Gara ka sayi bakin da kanka ka tafi da shi. A fara huda ɗan ƙaramin rami a tsakiyar kowace alama, sannan a sa babban baki, a ci rabi ta sama, a juya a ƙarasa ta ƙasa, don kada fatar filawud ta tsage. Ramin sandar liba milimita 24 ya isa, faifan roban da ke zuwa da ita zai rufe shi.

Sukurorin da za su riƙe libar, a nutsar da kansu cikin katako, in ba haka ba za su yi ta gurzar maka hannu. Goge ko'ina da samfefa, musamman gefen gaba inda wuyan hannu ke zama. Murfin ƙasa kuwa sukuru za a sa masa, kada a buga ƙusa ko gam, domin za ka buɗe akwatin nan fiye da yadda kake zato.

Akwati mara nauyi yana gudu a kan cinya idan wasa ya yi zafi. Ni guntun ƙarfe na ɗaure a cikin nawa, na yanka tsohon silifa na manna a ƙasa. Bai yi kyan gani ba, amma ko a kan tayil ba ya motsi.

Mataki na biyar: waya

Abin da ke cikin liba da maɓalli ba wani sihiri ba ne. Kowanne makunni ne kawai, kamar na fitilar ɗaki, sai dai shi yana sakewa da ka ɗaga hannu. Liba makunnai huɗu gare ta. Ka tura sama, na sama ya danne. Ka tura kusurwa, biyu su danne tare. Iyakar abin ke nan.

Maɓallin Japan ƙafa biyu gare shi, kuma ba ruwansa da wace waya ta shiga wace ƙafa. Bakin wayar da ke shiga ƙafarsa milimita 2.8 ne, na Amurka 4.8, don haka ka duba wane iri ne ya zo da inkodarka. Makunnin Amurka ƙafa uku gare shi, an rubuta COM, NO da NC. Ka yi amfani da COM da NO. Idan ka sa a NC, maɓallin zai zama a danne kullum, sai ka taɓa shi ya sake, kamar wanda aka yi wa baki.

Idan Zero Delay kake amfani da shi, kowane maɓalli da wayarsa mai harshe biyu, ka soka a maɓalli, ka soka ɗaya ƙarshen a allo. Kada ka yi dabarar haɗa masa wayoyi da wani allo ko da jikin ƙarfe, domin yawancin waɗannan alluna ba ta layin ƙasa, wato layin da ake sa wa alamar GND, suke haɗa maɓallansu ba. A kan Pico kuwa tsarin ya bambanta: waya ɗaya ta layin ƙasa, mai alamar GND, ita za ta bi maɓallan duka ɗaya bayan ɗaya kamar carbi, sannan kowane maɓalli ya aika tasa wayar zuwa ƙafarsa a allo. Amfanin carbin shi ne ƙarancin waya. Illarsa, idan ya tsinke a maɓalli na uku, na huɗu zuwa ƙarshe duk sun mutu. Ka tuna da wannan ranar da maɓallai uku suka ɗauke maka lokaci guda.

JLF tana da soket mai ƙafa biyar: ɗaya ta haɗaka, huɗu na ɓangarori. Ana iya soka shi a juye, kuma idan aka yi haka sai ka ga ɓangare ɗaya ne kawai ke amsawa daidai, sauran sai an je kusurwa. Zare shi ka juya. In kana shakka, ɗauko mita: ƙafar da ke yin ƙara da kowace ɗaya daga cikin sauran huɗun, idan ka tura libar ɓangarenta, ita ce ta haɗaka.

Ɗora manhaja a Pico bai kai minti biyu ba. Danne ɗan maɓallin da aka rubuta wa BOOTSEL, soka USB a kwamfuta, zai bayyana kamar filasha, ka jefa fayil ɗin GP2040-CE mai ƙarshen uf2 a ciki. Zai kashe kansa ya tashi a matsayin fad.

Kafin ka rufe, ɗaure wayar USB ta ciki, ko da ƙulli ɗaya ne a bayan ramin da ta fito. Wata rana yaro zai yi tuntuɓe da ita, kuma gara ƙullin ya sha jan da allon.

Mataki na shida: gwaji

A Windows, danna maɓallin Windows da R, rubuta joy.cpl, buɗe na'urarka, ka danna komai ɗaya bayan ɗaya kana kallon allo. Idan ka tura sama ya nuna hagu, ba abin da ya lalace, allon makunnan libar ne ke fuskantar wani gefe. Cire shinge, wato farantin roba mai haske da ke ƙasan libar, ka juya allon, ko ka gyara a cikin manhaja. Idan wani wasa ya ƙi ganin libar sam a kan Zero Delay, akwai soket mai suna MODE, sa masa maɓalli ka danna sau ɗaya.

MAME, manhajar da Nicola Salmoria ya fara fitarwa a 1997 don adana wasannin akwati, ita ce mafi yawan mutane ke amfani da ita. Cikin wasa danna Tab, shiga wurin saita maɓallai, ka nuna mata naka. A kan kibod 5 ne kwabo, 1 ne farawa, sai ka mayar da su kan ƙananan maɓallanka biyu. Wasannin kansu kuwa, akwai tarin da kamfanonin ke sayarwa a halal, kamar Street Fighter 30th Anniversary Collection na 2018, kuma liba tana aiki da su.

Gwajin gaskiya shi ne ƙwallon wutar da Ryu ke jefawa a Street Fighter II: ƙasa, kusurwar ƙasa ta gaba, gaba, naushi. Yi sau goma ta hagu, sau goma ta dama. Ranar farko za ka fi yadda kake da fad muni. Kowa haka ya fara. Ba da mako biyu kafin ka yanke wa libar hukunci.

Mataki na bakwai: shinge, inda taɓe-taɓen yake

Juya libar ka duba ƙasanta. Akwai farantin roba mai haske da rami a tsakiya, wanda ƙarshen sandar ke yawo a ciki. Shi nake kira shinge, domin shi ke iyakance inda sanda za ta kai. JLF da shinge mai kusurwa huɗu take zuwa, shi ya sa sabon shiga ke jin kamar yana karo da bango idan ya zo zagayawa. Da yawa sukan gudu su sayi mai kusurwa takwas. Ra'ayina, ka daure da mai huɗun tukuna. Kusurwoyinsa a fili suke, hannu na samun su ba lalube, kuma mai buga Guile a Street Fighter II, wanda rabin rayuwarsa a tsugune yake yana riƙe da kusurwar baya, ba abin da ya fi masa wannan. Sirrin shi ne kada ka riƙa gurzar bangon. Makunni na dannewa tun kafin sanda ta kai ƙarshe, ka saurari ƙarar ka tsaya nan.

Yanzu ga maganar Pac-Man. Da liba mai wuri takwas, idan ka zo kwana daga sama zuwa dama, akwai ɗan lokacin da makunnai biyu ke danne tare. Wasan bai san wannan ba, sai ya wuce kwanar, dodo ya cinye ka, ka hau zagin inkoda. Maganin na cikin shingen. Danna haƙoransa huɗu ka ciro shi, za ka ga tsakiyarsa daban take. Tura ta ciki kaɗan ka murɗa, murabba'in ya tsaya a kan kusurwarsa. Mayar da shi. Yanzu sanda ba ta iya danna makunni biyu tare. Minti biyar ne, kuma bambancin sai ka gani da idonka.

Idan libar ta yi maka laushi da yawa, sifirin za ka canza da mai tauri. A ƙarshen sandar akwai ɗan ƙarfe mai kama da harafin E da ke riƙe da komai. Ɓamɓare shi da ƙaramin sukundireba, amma ka rufa masa tsumma ko ka yi aikin a cikin leda, domin sifirin na tura shi, idan ya yi tsalle ba ka ƙara ganin sa. Nawa na farko har yau yana wani wuri a ƙarƙashin gado. Jera kayan a kan tire bisa yadda ka ciro su, don mayarwa ta zo da sauƙi.

Tunda ka riga ka buɗe, duba ɗan kwanon roban da sandar ke juyawa a kansa. Can ƙurar hunturu ke taruwa, ta haɗu da giris ta zama kamar yashi, ka fara jin ƙaiƙayi a hannu idan kana juyawa. Goge shi tas da tsumma mai tsabta, ka shafa giris na silikon ɗan kaɗan, kamar ƙwayar gero biyu. Kada ka sa baƙin mai ko giris ɗin mota, yana iya cin roba kuma ya fi jan ƙura. Faifan kare ƙura biyu ne ke zuwa da JLF, ɗaya a saman murfi, ɗaya a ƙarƙashinsa a kan farantin ƙarfe, ka sa su duka. Ni sau ɗaya nake wannan wankin a shekara, idan iska ta kwanta wajen watan Maris, sauran lokaci kuma tsohon ɗankwali nake rufa wa akwatin idan na tashi.